Babi na Bakwai: Shari'ar Karin Waƙa

A cikin watan Afrilu na shekarar 1970, sa'ad da ya tabbata ga jama'a cewa ƙungiyar mawaƙan nan huɗu ta birnin Liverpool, wadda aka sani da suna Beatles, ta yi watsewar da babu ɗinki, galibin masu lura da al'amuran kiɗa sun ɗauka cewa mutum biyu ne kaɗai za su fita da abin kirki daga cikin tarkacen, watau John Lennon da Paul McCartney, tun da yake su ne suka tsara mafi yawan waƙoƙin da suka ɗaukaka ƙungiyar. Amma kafin shekarar ta fita, wanda ya riga su duka hawa saman jerin ƙananan faifai, irin waɗanda ke ɗauke da waƙa ɗaya a kowace fuska, shi ne ƙaraminsu, George Harrison, ɗan direban bas, haifaffen 1943, wanda jaridu suka daɗe suna kira shiru-shirun ƙungiya. Sunan waƙar "My Sweet Lord". Ita ta jawo masa ɗaukakar da bai taɓa samu ba shi kaɗai, ita kuma ta jawo masa shari'ar da ba a naɗe takardunta ba sai bayan shekara 27.

Harrison ya shiga cikin abokan nasa tun bai kai shekara 16 ba, a matsayin makaɗin jita, kuma da yake wanda aka sani yana yaro da wuya a yarda ya girma, al'ada ta zauna cewa a kowane babban faifai waƙa biyu ake bar masa, wani lokaci ɗaya, saura kuwa na manya ne. Shi ko bai daina tsarawa ba. Waƙoƙi suka yi ta taruwa a hannunsa, ya kawo a saurara sama-sama a ce a bari tukuna, har ya kai ga yin fushi ya fice daga ƙungiyar na 'yan kwanaki a Janairun 1969. A ƙarshen wannan shekara, da waƙarsa "Something" ta fito cikin faifan Abbey Road, kowa ya ga cewa yaron ya kamo yayyensa, sai dai a lokacin igiyar zumuncin ta riga ta tsinke.

Akwai kuma abin da ya raba shi da su wanda ya fi wannan zurfi. An yi masa baftisma a ɗarikar Katolika ta wajen mahaifiyarsa, amma tun 1965, da ya fara taɓa sitar, molon nan na Indiya mai tsirkiya da yawa, zuciyarsa ta karkata gabas. Ya zama almajirin Ravi Shankar a 1966, ya tafi Indiya, daga neman kiɗa ya zarce neman ma'ana. A 1968 ya ja sauran zuwa Rishikesh wurin wani malamin Hindu, su suka gaji suka dawo, shi ya riƙe abin da gaske. A 1969 ya ɗauki nauyin naɗar wuridin mabiya Krishna na Landan a faifai, abin mamaki kuma faifan ya sami kasuwa. Saboda haka mutumin da ya bi ayarin Delaney da Bonnie, mawaƙan Amurka mata da miji, zuwa yawon wasanni a Turai cikin Disambar 1969, tare da amininsa Eric Clapton, mutum ne wanda duniya ta ba shi duk abin da take bayarwa tun yana ɗan shekara 21, ya ɗanɗana ya ji bai ƙoshi ba.

Bisa ga abin da ya faɗa daga baya a gaban alƙali, a Copenhagen ta ƙasar Danmak aka fara waƙar. Ana ganawa da 'yan jarida, sai ya sulale zuwa wani ɗaki, ya ɗauki jita ya shiga kai da komo tsakanin amo biyu, yana ɗora musu kalmar yabon nan da Kiristoci ke ɗagawa a coci, sa'an nan yana musanya ta da wuridin mabiya Krishna. Da ya ji abin ya fara kama jiki sai ya koma wurin sauran, suka kama masa amshi. Abin da ke cikin kunnensa a lokacin, in ji shi, shi ne "Oh Happy Day", tsohuwar waƙar coci ta ƙarni na 18 wadda ƙungiyar Edwin Hawkins, baƙaƙen fata na Amurka, ta sabunta har ta zagaye duniya a shekarar nan. Yana son ya yi irinta: waƙar bege wadda mai zuwa coci da wanda bai taɓa taka ƙofarta ba duk za su rera.

Da farko tsoro ya hana shi fitar da ita da bakinsa, domin ya san cewa a duniyar kiɗan rok ta wancan zamani, inda tawaye ga iyaye da limamai shi ne ado, mawaƙin da ya fito yana ambaton Ubangiji a fili ya miƙa wuyansa ga masu ba'a. Sai ya ba Billy Preston, makaɗin fiyano baƙar fata wanda ya tashi cikin coci, suka naɗe ta a Landan a farkon 1970, 'yan Edwin Hawkins da kansu suna amshi. Daga wannan naɗi aka rubuta karin waƙar a takarda aka kai rajista, kuma mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo gare shi.

A ƙarshen Mayu na 1970 Harrison ya shiga ɗakin naɗar sauti na Abbey Road don ya zazzage abin da ya tara, ya kirawo Phil Spector ya jagoranci aikin. Shi Spector hanyarsa ita ce tara makaɗa da yawa su kaɗa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a bar amon ya daki bango ya dawo, har kunne ya kasa rarrabe wannan da wancan, ya ji sauti ɗaya mai kauri. Wanda ya kasa kunne ga waƙar zai ji yadda aka gina ta hawa-hawa. Da fari jitoci ne marasa lantarki, da yawa, suna sharɓa tare kamar hannu ɗaya ne. Babu ganga, babu murya. Sa'an nan wata jita ta shigo tana shiƙa, wadda ake kaɗawa da ɗan bututu a yatsa ana zamar da shi bisa tsirkiya, ta yadda sauti ke malala daga wani mataki zuwa wani ba tare da tsalle ba, salon da Harrison ya fara koyo a wannan tafiya tasu da Delaney, ya kuma zama shaidarsa har mutuwa. Sai murya ta biyo baya, a raunane, irin ta mai roƙo. Sai a tsakiya aka ɗaga waƙar duka zuwa matakin sama, ganguna suka faɗo, a cikin masu dukansu har da Ringo Starr, abokinsa na Beatles. Taron 'yan amshin da ake ji a baya kuwa, yawancinsa shi kansa Harrison ne, ya naɗi muryarsa bisa muryarsa sau da yawa, ya laƙa wa taron wani suna na barkwanci a bangon faifai. Ana cikin wannan aiki mahaifiyarsa ta rasu, a watan Yuli.

Dabarar da ya fi alfahari da ita tana cikin amshin. 'Yan amshi sukan fara da kalmar coci, su maimaita ta har mai sauraro ya sake jiki ya kama bi, sa'an nan, ba tare da kari ya sauya ko kaɗan ba, su zame zuwa sunayen da Hindu ke kira, su ƙare da addu'ar girmama malami da harshen Sanskrit. Nufinsa shi ne ya nuna cewa duka abu ɗaya ake nema. Musulmi ba zai karɓi wannan ba, domin tauhidi ba ya karɓar gauraye, kuma limaman Kirista da dama ma ba su karɓa ba. Amma ba aƙidar mutumin muka zauna tantancewa a nan ba, kuma ko wanda ya fi kowa saɓa masa zai yarda cewa ba don kasuwa ya yi ba, tun da kasuwar ce yake tsoro.

Har a watan Oktoba yana cewa ba za a ciri waƙa ɗaya daga kundin waƙoƙin da ya naɗa a sayar da ita daban ba, kada ta rage wa sauran kwarjini. Spector da Allen Klein, manajan Harrison, suka matsa, ya sakko. Ranar 23 ga Nuwamba 1970 ƙaramin faifan ya fito a Amurka, kundin All Things Must Pass mai faifai uku ya biyo baya da 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Disamba waƙar ta hau na ɗaya ta yi mako huɗu. A Ingila gidajen rediyo suka yi ta sa ta har ya zama tilas a fitar da ita ranar 15 ga Janairu 1971, ta yi mako biyar a sama, ta zama ƙaramin faifan da aka fi saye a ƙasar a wannan shekara. Tana kan ganiyarta, ranar 10 ga Fabrairu, wani kamfanin Niyok mai suna Bright Tunes ya shigar da ƙara.

Asalin da'awar ya koma shekara takwas baya. Wani saurayi baƙar fata na Niyok, Ronnie Mack, ya tsara waƙar soyayya mai suna "He's So Fine", ya samo 'yan mata huɗu na unguwar Bronx, waɗanda suka ɗauki sunan Chiffons, suka rera ta. Kamfanoni da dama suka ƙi ta kafin wani ƙarami ya karɓa, sai ga ta a na ɗaya a Amurka cikin 1963, ta kuma ƙetara Ingila ta shiga jerin waɗanda ake yayi a daidai lokacin da waƙar Beatles ke bisa kan jerin. Mack bai ci moriyarta ba, domin ciwon daji ya ɗauke shi a ƙarshen shekarar yana ɗan shekara 23, haƙƙin mallakar waƙar kuwa yana hannun Bright Tunes. Waƙar yarinya ce da ta ga saurayi ya burge ta. Babu abin da ya haɗa ma'anarta da ta Harrison. Amma wanda ya ji su a jere ba ya bukatar malami.

Sai a Fabrairun 1976 aka zauna shari'a, a gaban alƙali Richard Owen na kotun tarayya, kuma rashin sa'ar Harrison ita ce ya faɗa hannun alƙalin da shi kansa mai tsara kiɗa ne, har yana da wasannin opera na ƙashin kansa. Masana suka feɗe waƙoƙin biyu gaɓa-gaɓa. Aka sami cewa waƙar Mack ta ginu bisa jimla biyu: ta farko sauti uku masu gangarowa, ana maimaita ta sau huɗu, ta biyu sauti biyar masu hawa da sauka, ita ma sau huɗu. Kowace ɗaya daga cikinsu, in an ɗauke ta ita kaɗai, ruwan dare ce, ba mai iya cewa tasa ce. Amma jera su a wannan tsari, huɗu bisa huɗu, masanan ɓangarorin biyu sun yarda ba su san shi a wani wuri ba. Waƙar Harrison kuwa ta kawo jimlar farko sau huɗu, ta biyu sau uku, ta cike gurbin na huɗu da wata 'yar gada mai tsawo ɗaya. Abin da ya karya ƙashin bayan kariyar shi ne wani ɗan sauti na ado, wanda a waƙar Chiffons ake soka shi cikin maimaici na biyu na jimla ta biyu. Wannan ɗan sauti ba shi cikin naɗin Harrison, amma yana cikin na Billy Preston, a daidai wurin, yana kuma cikin takardar da aka kai rajista. Makiyayi yakan gane saniyarsa cikin garken wani da 'yar tsagar kunne, ko da an sauya mata suna. Harrison da kansa, da aka tsare shi da tambaya, ya yi iƙirarin cewa waƙoƙin sun yi kama ƙwarai, bai kuma musa cewa ya taɓa jin ta Chiffons ba.

Hukuncin da aka yanke a ƙarshen Agusta shi ne ya sa ake karanta wannan shari'a a makarantun lauyoyi har yau. Alƙali ya ce bai yarda Harrison ya yi da gangan ba. A fahimtarsa, mai tsara waƙa yana laluben kari, ya gwada wannan ya gwada wancan, sai wani haɗi ya taso masa ya ji ya zauna daidai, ya tabbata mutane za su so shi. Dalilin wannan tabbaci kuwa shi ne can cikin ransa, inda hankalin farke bai kai ba, an riga an san cewa haɗin ya taɓa cin kasuwa a wata waƙa da ya manta. Duk da haka, in ji alƙali, an ci haƙƙin mai waƙa, rashin sani kuma ba ya kankare shi.

Mutane da yawa sun ga zalunci cikin wannan, suna cewa yaya za a kama mutum da satar da shi kansa bai san ya yi ba. Ni ban ga zalunci ba, kuma wanda ya yi ko ɗan zama gaban malamin fiƙihu ba zai ji hukuncin baƙo ba, domin fuƙaha'u sun daɗe da rarrabe zunubi da lamuni: niyya ita ke tabbatar da zunubi, wanda ya yi kuskure an ɗauke masa alhaki tsakaninsa da Mahaliccinsa, amma a dukiyar mutane ganganci da kuskure hukuncinsu ɗaya ne wajen biya. Malaman balaga na Larabawa ma, irin su Ibn Rashiƙ na Ƙairawan, da suka buɗe babi guda kan satar mawaƙa, sun yarda cewa tunanin mutum biyu kan faɗa wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya ji ɗaya ba, sai dai sharaɗin wannan uzuri shi ne rashin ji, Harrison kuwa ya ji. Inda nake da ja shi ne wajen awo. Da aka zo ƙididdigar diyya, alƙali ya jingina kashi uku cikin huɗu na nasarar waƙar ga karin Mack, ya bar kashi ɗaya tak ga kalmomi da sunan mai rerawa, ya kuma haɗa da wani kaso na cinikin kundin, lissafi ya tashi dala 1,599,987. To, ai Preston ya rera kari ɗin nan, da ɗan sautin adonsa da komai, tasa ba ta yi wata rawar gani ba. Abin da miliyoyi suka saya shi ne kukan jitar nan, da kaurin sautin Spector, da muryar ɗan Beatles yana roƙo a bainar jama'a, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka aro daga Bronx.

Amma kafin a kai ga biya sai shari'ar ta juya ta inda ba a zata ba. Allen Klein, wanda tun 1969 yake riƙe da al'amuran Lennon da Harrison da Starr, wanda McCartney ya ƙi amincewa da shi tun farko har hakan ya zama ɗaya daga cikin sabubban watsewar ƙungiyar, shi ne ya fara tsaya wa Harrison a wannan ƙara, shi ya nemo lauyoyi, shi ya san kowane kwabo da waƙar ta kawo. A 1973 su ukun suka sallame shi. A Janairun 1976, gab da zaman kotu, Harrison ya nemi sulhu bisa dala 148,000, Bright Tunes suka ƙi, daga baya kuma ta bayyana cewa Klein ya riga ya zagaya ta bayan gida, ya yi musu tayin da ya fi wannan tsoka, ya kuma miƙa musu takardun cinikin waƙar waɗanda ya samu a lokacin da yake wakilin mai ita. Su kuwa suka yi lissafin da kowa zai yi: idan tsohon wakili na son saye da tsada, to ya san abin da ke cikin tukunyar. A 1978 kamfaninsa ABKCO ya saye haƙƙin "He's So Fine" da ƙarar baki ɗaya a kan dala 587,000, sai ga wanda ya fara shari'ar a gefen wanda ake ƙara ya koma kujerar mai ƙara, yana jiran a miƙo masa sama da dala miliyan ɗaya da rabi.

Alƙali Owen bai bar shi ya sha ba. A Fabrairun 1981 ya yanke cewa amanar wakili ba ta ƙarewa ranar da aka sallame shi, cewa Klein ya yi amfani da sirrin da aka ba shi ajiya wajen toshe hanyar sulhu, saboda haka ba zai ci ribar ko anini ba: Harrison zai mayar masa da abin da ya kashe, watau 587,000, shi kuma ya miƙa haƙƙin waƙar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ginshiƙin wannan hukunci a 1983. Cikin shari'a guda, ke nan, alƙali ɗaya ya auna laifi biyu, na wanda ya ɗauka bai sani ba da na wanda ya sani sarai, kuma ha'incin na biyu ne ya rage wa na farko kusan kashi biyu cikin uku na abin da zai biya.

Abin ya taɓa Harrison fiye da kuɗi. Ya faɗa cewa ya yi wani lokaci yana jin tsoron ɗaukar jita, kada ya taɓa sautin da wani zai ce nasa ne, kuma a littafin tarihinsa na 1980 ya nuna cewa da ya lura tun farko, da sauya sauti ɗaya ko biyu ya wadatar ba tare da waƙar ta rasa komai ba. Lennon, a wata hira ta wannan shekara, ya ce lalle George ya sani, ko kuwa ya kamata ya sani, maganar da ta yi nauyi a bakin mutumin da shi ma aka kai ƙara kan aron da ya yi wa Chuck Berry cikin "Come Together", har sai da ya yi sulhu. Chiffons kuwa, waɗanda ba su da kaso a ƙarar, sun naɗi "My Sweet Lord" da muryoyinsu a 1975 don su ɗan tsinci abin da ya faɗo. Shi ma Harrison ya rama da abin da ya iya: a ƙarshen 1976 ya fitar da "This Song", waƙar shaguɓe ga lauyoyi da masanan da suka feɗe masa kari, aka yi mata ɗan fim a cikin ɗakin kotu, ana jan shi da ankwa.

Sauran gardandamin, kan ƙasashen da haƙƙin ya shafa da kuɗin ruwa da abin da za a cire na hidima, ya ci gaba da yawo tsakanin kotuna har Maris na 1998. A shekarar 2000, yana shirya sabon bugu na All Things Must Pass, ya sake naɗar waƙar, ɗansa Dhani na kaɗa masa jita, ya sauya yadda yake jan baitocin, muryar kuma ta riga ta dushe da ciwo. Ya rasu a Los Angeles ranar 29 ga Nuwamba 2001, yana da shekara 58. A Janairun 2002 aka sake fitar da ƙaramin faifan a Ingila, naɗin 1970 ne a gaba, da jimlolinsa biyu yadda alƙali ya ƙirga su, ya kuma sake hawa na ɗaya.